Na'urar Ta Ce a Tsaye Yake

Shekarun baya, lokacin ina da ƙafar yawo kuma tumbi bai fito min ba, na yi aikin auna gonaki a tsakanin Rano da Kibiya. Wani shirin tallafa wa manoma ne ya ɗauke mu, mu biyu a yankin, ni da wani abokina. Aikin ba wuya a baki. Za a ba ka 'yar na'urar GPS ta hannu, rawaya, kamar tsohuwar waya mai madannai, ka tsaya a kusurwar gona ka danna, ka zagaye gonar da ƙafa har ka dawo inda ka faro, ita kuma ta faɗa maka faɗinta. Da yamma a jona ta da kwamfuta, manhajar taswira ta zana duk inda ka taka. Na ce a baki ne ba wuya. Wanda ya taɓa tsallaka kunyoyin gyaɗa tun hantsi har la'asar ya san abin da nake nufi.

Abokin nawa ɗan Kibiya ne, ni ɗan Rano, kuma ya fi ni iya na'urar nesa ba kusa ba. Ga shi da sauri, tafiya yake kamar wanda ya baro tukunya a kan wuta, kullum ina bayansa ina haki. A fuskar na'urar akwai wata kibiya da take nuna maka inda za ka nufa idan ka zuba mata lambobin wuri, to da ita nake tsokanarsa. Sai in ce, "Ɗan Kibiya, bi 'yar'uwarka, ku kuka san yaren juna." Shi kuma Sarkin Ɓata yake kirana, saboda na taɓa ɓacewa a bayan Unguwar Gai da na'urar a hannuna, sai wata mai tallar nono ce ta ɗora ni a hanya.

Wata rana ina latse-latsen waya na ci karo da wani wasa da mutanen wasu ƙasashe suke yi da irin wannan na'ura. Mutum zai ɓoye ɗan akwati a wani wuri, ya ba da lambobin wurin, wani kuma ya bi kibiya har ya gano. Ba kyauta, ba komai, neman ne kawai daɗin. Na nuna wa abokina, ya taɓe baki ya ce, "Waɗannan dai sun ƙoshi, ba su da aikin yi." Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga saƙo a wayata daga shi, lambobi zalla, ko sallama babu. Na bi su har cikin duwatsun bayan Rano, na yi ta leƙe-leƙe, can a wani tsagi na zaro gwangwanin madara da 'yan dabino a ciki. Na zauna a kan dutsen ina ci ina dariya ni kaɗai.

Daga nan muka ɗora. Wannan makon shi ya ɓoye, mako mai zuwa ni in rama. Mu fa magidanta ne, da iyali, da furfurar da ta fara leƙowa a gemu. Akwai ranar da wani dattijo a Madachi ya tarar da ni a durƙushe ina tonon gindin tsamiyar gonarsa. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Malam, in asiri ne ka faɗa min gaskiya, gonar nan da ita nake ci da iyali." Na yi bayani har bakina ya bushe. Da na nuna masa gwangwanin da alewar da ke ciki, kallon da ya yi min ya fi na farkon muni.

A ƙarshen wata damina abokina ya faɗi yana alwalar asuba. Hawan jini ne, wanda shi kansa bai san yana da shi ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. An kwantar da shi a Kano, aka dawo da shi gida, a hankali magana ta dawo ko da yake harshen ya yi ɗan nauyi, hannun ma ya fara motsi, amma ƙafar sai jan ta yake yi. Ogammu mutumin kirki ne. Ya ce zai riƙe masa gurbinsa har lokacin awon gaba, wato kafin ruwa ya sauka. In zai iya zagaye gona da ƙafarsa, aikinsa na nan. In ba zai iya ba, dole a ɗauki wani, don manoma ba za su jira ba. Da wannan aikin abokina yake riƙe gidansa, kuma ban da shi bai iya wata sana'a ba.

Matarsa ce ta tare ni a soro wata rana da na je dubiya. Daga bayan ƙyaure ta ce, "Malam, ka yi wa abokinka magana. Masu yi masa gashi a asibiti sun ce ya dinga takawa kullum, shi kuwa daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida. Ko ƙofar gida ya ƙi leƙawa." Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Sannun nan ce ta ishe ni. Ka fita, kowa sannu, yaro sannu, babba sannu. Wanda a da ba ya iya kamo ni a hanya, shi ma ya tsaya ya yi min sannu."

A hanyar komawa gida dabara ta zo min, har ina yaba wa kaina. An riga an kwashe amfanin gona, daji ya yi fayau, ba kowa. Na je wajen Fassi na sami wata 'yar turba shimfiɗaɗɗiya, ba kunya ba rami, na ɓoye gwangwani a kogon wata kuka. Daga inda za a ajiye babur zuwa kukar bai fi daga gida zuwa masallacin unguwa ba. Na tura masa lambobin, ni ma ban yi sallama ba. Shiru, bai amsa ba, har na fid da rai. Sai ga kiran matarsa, muryarta da fara'a, wai ya sa ta zazzage jakarsa tana nemo masa na'urarsa, kuma ya ce a sayo batir.

Na ɗauke shi a babur da la'asar sakaliya. Da muka sauka ya rataya na'urar a wuya, ya tallafe ta da hannun hagun nan mai rauni, sanda a dama. Ya kalle ni ya ce, "Sarkin Ɓata, in ka nuna min wurin ko da ido ne, na fasa." Na ce na ji. Ya fara takawa. Ya kafa sanda, ya ɗaga ƙafar dama, sannan ya janyo ta hagu tana shatar ƙasa. Ya huta, ya sake. Ina gefensa, hannuwana a baya don kada in kama shi, don na san ba zai yafe min ba.

Sai na lura yana yawan kallon na'urar. Na leƙa. Kibiyar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ta nuna gabas, ta juya kudu, ta koma tana nuna babur ɗin da muka baro, ta sake juyawa. Na ce, "Batir ne, na kasuwar nan ba su da kirki." Na zare na tawa na'urar na sa masa. Ba ta canja ba. Na ce to taurarin ɗan'adam ne ba ta kama sosai ba, mu ɗan jira. Muka jira, ta nuna ta kama su reras, ga sarari fetal, ba bishiya a kanmu ba dutse. Ya sake takawa, kibiya ta ci gaba da rawarta. Na ce masa ya rabu da ita, ya dinga duba lambar tazara kawai, in tana raguwa ai yana kusantar wurin. Ya girgiza kai ya ce, "Kibiyar nake so ta tsaya." Da rana ta yi ja muka koma gida.

Na karɓi na'urar na tafi da ita Rano, na ce sai na ga abin da ya ture mata hankali. Na duba tsarin rubuta lambobin, ko ni na tura da wani salo ita kuma tana kan wani. Daidai suke. Na duba ma'aunin taswira, don akwai tsohon na ƙasar nan akwai na duniya, in suka saɓa sai ta jefa ka gonar wani. Shi ma daidai. Na jona ta da kwamfuta don in ga sawun da ya yi ranar, sai na ga abu a dunƙule kamar zaren da kaji suka tattake, ba layi ba hanya. Na ce yawwa, ga shaida, kanta ne ya taɓu. Na goge komai, na sake zuba mata manhaja, na kankare bakin batir, har hura mata iska na yi kamar mai fifita wuta. Da safe na zuba lambobin kasuwa na fita da ita. Kibiya ta miƙe sak, ko gezau, har bakin rumfar masu nama. Na kira shi ina washe baki, na ce, "Ɗan Kibiya, na gyara maka 'yar'uwarka." Ya ce, "Madalla."

Muka koma Fassi. Ko nisa bai yi ba ta fara juyi. Na cire tawa na rataya masa, wadda ban taɓa samun matsala da ita ba. Ita ma ta kama rawa. Jama'a, a nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na shiga kame-kame. Na ce ƙila akwai ƙarfe a ƙarƙashin ƙasar wurin. Na ce ƙila sandarsa ce, da yake tana da kan ƙarfe. Wallahi har kukar nan na fara yi wa wani irin kallo, ina tunanin ko masu wurin ne ba sa son baƙi. Shi dai yana jina, yana share gumi da kafaɗa, wani lokaci ya ce, "Ƙila."

Zuwanmu na uku zafi ya fara shigowa, lokacin awo ya matso, oga ya fara tambayata yaya jikin mutumin. Ranar tun a babur na ji abokina ya yi wani iri, ba tsokana, ba hira. Da muka sauka ya ɗan daddanna na'urar, ya yi bismilla, ya kama hanya. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan yunƙurin ba. Yana cije leɓe, yana wurga sandar gaba, yana fizgo ƙafar da ƙarfin tsiya, jijiyar wuyansa ta tashi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya yi tangal-tangal zai faɗi, na kai hannu, ya buge shi da gwiwar hannu. Haka ya yi ta yi, ba hutu, har ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa a baya, har kukar ta fito sosai ana ganin kogonta. Sannan ya tsaya, ya jingina da sandar yana numfashi sama-sama, ya daɗe yana kallon fuskar na'urar.

Ya ce, "Zo ka gani."

Ya buɗe min shafin da yake nuna bayanin tafiya. Wuri biyu ne a shafin, ɗaya na lokacin da mutum ya yi yana tafiya, ɗaya na lokacin da ya yi a tsaye. Ashe abin da ya danna da muka sauka ke nan, ya mayar da su farko. Na duba. Duk yammacin nan, duk gumin nan, na'urar ta zuba shi a gefen tsayuwa. Gefen tafiya ba komai sai 'yan daƙiƙu.

Ya cire ta daga wuya ya miƙo min. "Karɓi. Taka zuwa waccan ɗorawar ka dawo."

Na karɓa na taka, tafiyata ta kullum, ba sauri. Ban yi nisa ba kibiya ta miƙe ta tsaya cak tana nuna kukar. Na juyo, ta juya da ni, ta sake tsayawa. Kafin in iso wurinsa na gane. Irin waɗannan na'urorin namu ba su da kamfas a ciki. Ba su san gabas ba, ba su san yamma ba, sai in kana tafiya, su gwada inda kake ɗazu da inda kake yanzu, su gane inda ka fuskanta. In ka tsaya, kibiya sai ta rikice. Wannan shi ne abu na farko da aka koya mana ranar da aka ba mu su, kuma ni da bakina na sha faɗa wa wasu. Tafiyar abokina ce ba ta kai saurin da na'urar za ta kira ta tafiya ba.

Ya ce, "Ka gane yanzu, Sarkin Ɓata?"

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Tun takun farko."

"To don me ka bar ni ina ta wahala, ina goge-goge, ina zargin bishiya?"

Ya yi wani ɗan murmushi da rabin bakinsa. "Na ga kana so ya zama laifinta ne. Ni ma haka nake so. Na ce bari in ƙara sauri, ƙila wata rana ta yarda. Yau iyakata ke nan, ban rage komai ba."

Sai na hau magana, kamar yadda na saba in abu ya fi ƙarfina. Na ce ƙarfe ne fa da roba, me ta sani. Na ce awon gona ba ya buƙatar kibiya, zagayawa kawai ake yi. Na ce zan sayo masa kamfas na hannu, kuma akwai sababbin na'urori masu kamfas a ciki, zan roƙi oga. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Duk na sani. Amma ka hango ni a gonar mutum, ina zagayawa tun hantsi har azahar ban gama ba, shi yana biye da ni yana min sannu, wasu suna can suna jiran layi. Ka faɗa wa oga ya ɗauki wani. Kada a ɓata wa mutane damina saboda ni."

Na ce to ko gwangwanin ne mu ƙarasa, ga shi can, saura ƙiris. Ya kalli kukar, ya ce a'a. Na ce bari in ɗauko masa. Ya ce in bar shi. Na je na turo babur ɗin har inda yake, don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, kuma a ranar ne ya fara yarda na tallafe shi ya hau.

Har mun kusa shiga gari na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena, saboda iska.

"Kai dai ka ga na yi tafiya, ko?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "To ka riƙe. Kai kaɗai ne shaida."

Na faɗa wa oga, ransa bai so ba, amma ya ɗauki wani. Na kai wa abokina kamfas ɗin da na yi alkawari, ya yi godiya, ya sa a aljihu, ban sake ganinsa ba. Daga baya matarsa take ba ni labari, wai tun bayan fitarmu ta farko, kullum da sassafe sai ya rataya na'urar ya yi ta kai da komo daga bakin ɗaki zuwa bakin rijiya, yana kallonta. Ita ta ɗauka murnar samun sauƙi ce. Bayan zuwanmu Fassi na ƙarshe bai sake ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, yayyensa suka zo, ya ce ya gode. Ƙafar ta ƙara sandarewa. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi, 'yan'uwa sun buɗe masa ɗan teburin kayan masarufi a soro, ranar Juma'a a kai shi masallaci a babur. Ina zuwa mu zauna, mu yi hirar siyasa da tsadar taki, yana ce min Sarkin Ɓata har yau. Maganar Fassi ba ta taɓa haɗa mu ba.

Ban ce na yi laifi ba, niyyata alheri ce, shi ma bai taɓa nuna min komai ba. Kuma na san ciwo na Allah ne, ƙila ko da babu na'urar, ƙarshen ke nan. Amma ba zan ɓoye muku ba, abin yana min ciwo har yau. Mutum ya tattaro duk abin da ya rage a jikinsa ya zuba a kan 'yar turba, abin da ya fi yarda da shi a duniyar aikinsa ya ce masa a tsaye yake. Da likita ne ya faɗa, da ya yi gardama. Da ni ne, da ya zage ni mun wuce wurin. Amma ita ya yi shekaru yana gaya wa manoma cewa ba ta ƙarya, ba ta son kai, abin da ta gani shi take faɗa. Ban san yadda zai ƙaryata ta ranar da ta juyo kansa ba.

Tun daga lokacin, in na ga mai jan ƙafa a hanya ba na ce masa sannu. Sallama nake yi masa, in tambaye shi ina zuwa, kamar kowa. Wannan kaɗai na iya tsinta daga abin, kuma na san bai taka kara ya karya ba.

Yanzu na bar aikin awo, waya ma tana yin duk abin da waccan na'urar take yi. Shekaru suna tafiya, ni ma mantuwa ta fara kama ni, sai in shiga ɗaki in rasa abin da na zo ɗauka. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku wannan tun ina tuna shi daki-daki, don an ba ni riƙo ne. A wata 'yar turba a wajen Fassi, da yammacin wata rana mai zafi, abokina ya yi tafiya. Daga bakin hanya ya taso, da sanda da ƙafa ɗaya, ba wanda ya riƙe shi, har ya kusa kukar. Ina wurin, da idona na gani.